Rabin Littafin da Gara Ta Bari

Tudun Wada, Gusau.

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a motar Kano kika buɗe ta, ko sai da jirgi ya ɗaga. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sada ki da mijinki lafiya, Ya sa albarka a karatun da ya raba ki da gida. Kin san sunan mahaifiyata na sa miki, bakina bai taɓa iya kiransa ba, ga shi alƙalamin ma ya ƙi. Saboda haka Innata kike a nan, Innata za ki zama ko a Amurka.

Akwai wata jita-jita da na fara ji a cikin bas tsakanin Tsafe da Gusau, ba da jimawa ba bayan an ba mu jiha. Wani mutum mai jakar hannu, wanda ya ce daga Legas yake, shi ya kawo ta. Wai Turawa suna ƙera wani allo, bai kai na yaran makaranta girma ba, yana haɗiye littattafai kamar yadda rumbu ke haɗiye dawa, amma nauyinsa ba ya ƙaruwa. Ka danna, shafi ya juya. Wai har akwai littattafan da ake zubawa a ciki kyauta. Direba ya ce in haka ne a taimaka a ƙera masa motar da za ta haɗiye fasinja ba ta ƙara nauyi, ya huta da hawan tudu. Aka yi dariya, ni kuwa na fi kowa daɗewa ina yi. A gindin mai tatsuniya na tashi, na ji inda gari guda ya shige cikin gora har da shanunsa, don haka a ganina na san warin ƙarya tun daga nesa. Na ɗauki labarin allon nan na ajiye shi kusa da goran.

Abin da ya sa na tono shi yau abu biyu ne. Mahaifiyarki ta gaya mini kin ƙudura sayen wannan na'ura da zarar kin isa, kuma kin ƙi faɗa mini don kin san irin dariyata. Na biyu, idan kika ɗaga zannuwan da ke ƙasan babbar jakarki za ki tarar da gafaka, wato tsohuwar jakar fatar nan da malamai ke sa littafi. A cikinta akwai littafin waƙoƙin wa'azi na kakana, wanda kika roƙe ni bara na hana ki. Ina so ki kwafe shi cikin na'ura, da manyan haruffa, ya dawo Bunguɗu kafin idon wani tsoho da ake kira Malam Isiyaku ya gama rufewa. Zan gaya miki ko wane ne shi, da abin da na yi masa. Amma ki bar ni in bi ta bayan gida, don ƙofar gaba tana ba ni kunya.

Ni da ban taɓa riƙe wannan na'ura ba, ga ni zan ba ki shawarar yadda za ki zaɓe ta. Ki yi dariya, ramuwa ce. Sai dai wanda ya sha faɗawa rami ya fi kowa sanin inda hanya ta lalace.

Lokacin da na fara aikin malamin gona, abin da na fara sa wa rai shi ne rediyo. Na shiga kasuwar Gusau na tarar da guda biyu a teburin wani mutum. Ɗaya baƙa ce, ba ta da wani fasali. Ɗayar ja ce mai marfin ƙarfe, tana ɗaukar ido, har da hannun ratayawa. Mai kayan bai cuce ni ba. Ya faɗa mini baƙar tana cin batir irin na tocila, jar kuwa nata batirin daban ne, wani shafaffe mai kusurwa huɗu. Ban ji shi ba, don a lokacin ina hango kaina a kan keke da jar rediyo a kafaɗa, 'yan matan Bunguɗu suna waiwaye. Ta yi mini waƙa har batirin ya mutu. Na zaga Gusau, na aika Funtuwa, na yi sautu Kano, babu mai irinsa. Da mahaifiyarki ta tare, ita ta sama wa rediyon aiki: ta shimfiɗa mata ɗan ƙyalle tana ɗora fitila a kai. Kin san rediyon, kin yi wasa da ita kina rarrafe. Ba ki taɓa jin muryarta ba.

To Innata, kafin ki tambayi abin da na'ura ke yi, ki tambayi abin da take ci. Cajinta yana kai wa ina? Kin san halin wutar gidan nan, baƙuwa ce mai zuwa ba sallama ta tafi ba bankwana. An ce kuma wutarsu ta can da tamu ba ƙarfinsu ɗaya ba, to ki tabbata ranar da kika dawo kika jona ta a bangon ɗakinki ba hayaƙi za ta yi miki ba. In ta lalace, wa ke gyarawa? Ki riƙe ta da hannu ɗaya ki daɗe, ki ji ko wuyan hannunki zai yi ƙara. Ki fita da ita bakin ƙofa inda rana take, ki ga ko rubutun zai gudu. Kada ki ji kunyar mai shago. Kunyar mai shago ce ta sa ban sake tambaya kan batirin nan ba, alhali na ji wani abu ya ɗarsu a raina.

Waɗannan tambayoyi ba daga kaina duka suka fito ba. Na je na zauna a shagon Baban Chidi, maƙwabcinmu Ibon nan da ya riga ki zuwa unguwar, mai buga wa mutane takardu da kwamfuta a kusa da tasha. Shi ma ya taɓa kawo mini labarin allon wata Lahadi da ya dawo daga coci, na ce masa, «Haba Baban Chidi, har da kai?» Wannan karon da na je da kaina bai tuna mini ba, Allah Ya saka masa. Ya ɗauko wani ɗan faifai baƙi da bai cika tafin hannu ba, ya tura shi cikin kwamfutar, sai ga littafi guda a gilashi, ana ta gangara shi ba ya ƙarewa. Ya ce allon da ake magana ƙanen wannan ne, shi ma a mujalla ya gani, bai taɓa shi ba. Amma ya ja kunnena kan abu ɗaya: wai akwai waɗanda ba sa karɓar littafi sai wanda aka saya a shagon kamfanin da ya ƙera su. Da na ji haka na ce a raina, ga jar rediyona ta dawo da sabuwar riga. Ki guje ta, ko da zinariya aka yi mata baki. Ki nemi wadda za ta karɓi abin da kika rubuta da hannunki. Ki sa mai shago ya nuna miki baƙaƙen Larabci a fuskarta, da haruffanmu masu lanƙwasa, kuma ya ƙara girmansu a gabanki har su kai yadda tsoho zai gani. In ya ce ai tana yi, sai dai a gida za ki gwada, wannan cinikin biri a sama ne. In kuma duk kasuwar babu mai iya wannan, kada ki saya don kawai kin riga kin faɗa. Ki yi aikin a kwamfutar makaranta, ki jira.

Kuskurena na biyu kin fi kowa saninsa, don a falo yake zaune har gobe. Wani mai tallar littattafai ya zo ofishinmu da jerin manyan littattafan Turanci masu ruwan zinariya a ƙeya. Na ga shugabanmu ya saya, ni ma na saya. Na sa kafinta ya yi musu kabad mai gilashi, na jera su daidai inda idon baƙo zai sauka in ya zauna, na kulle. A wannan zamanin kina sakandare, kina karɓo hayar ƙananan littattafan Hausa a wani teburi bakin kasuwa, kina ɓoye su cikin littafin lissafi. Ranar da na kama ki na yi miki faɗan ɓata lokaci. Ba ki yi musu ba, sai kika ce to in ba ki mabuɗin kabad ki karanta na kirki. Na ce hannunki da maiƙo. Kwanan baya na buɗe su ina neman abin da suka ce game da gara, sai na tarar wasu shafukan a manne suke da juna tun daga inda aka buga su. Sun tsufa a gidana ba wanda ya taɓa yi musu sallama.

Saboda haka kada ki mai da na'urar nan kabad. An ce tana ɗaukar da yawa, kuma na san zuciyar ɗan Adam, za ta so ta cika ta don a ce ta cika. Ki zuba abin da za ki karanta, ki karanta, sannan ki ƙara. Wajen samun littafi da araha kuwa, ki fara da ɗakin karatun makarantarku. Ki gaida masu aiki a wurin, ki san sunayensu, ki ce musu ke baƙuwa ce ba ki sani ba. Wannan kalma ta «ban sani ba» da na koye ta da wuri, da wasiƙar nan ba ta kai rabin haka ba. Baban Chidi ya ce tsofaffin littattafan da masu su suka daɗe da mutuwa akwai mutanen da ke zama su buga su, ba wanda ya biya su, su ajiye a wannan intanet ɗin kowa ya ɗiba. Ban san addininsu ba, amma a wurinmu sunan wannan aiki sadaka mai gudana. Ki ɗiba, ki yi musu fatan alheri. Sai dai marubucin da ke raye, yana da bakin ci da 'ya'yan ciyarwa, in an miƙo miki littafinsa ta bayan fage ki mayar. Ki saya, ko ki ara a ɗakin karatu, ko ki haƙura. Kuma abin kyauta ba ya nufin abin da ba kuskure. Mai kwafi mutum ne, idonsa na tsallake layi. In maganar mai nauyi ce, ki gwada ta da bugaggen littafi kafin ki dogara da ita. Mahaifina yana kiran wannan muƙabala: in an gama kwafi mutum biyu su zauna, ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin sabon da yatsa.

To ga shi na ambaci mahaifina, bayan gidan ya ƙare, dole in shigo ta ƙofa.

Ba ki riski Malam ba. Asalinmu 'Yandoto, shi kuwa a Tsafe ya zauna, zaurensa ba ya rabuwa da masu ɗaukar karatu. Littattafansa rubutun hannu ne, kuma ba a ɗinke suke ba, falle-falle ne a cikin bangon fata. Da ina yaro na ɗauka talauci ne ya hana a ɗinke su. Ashe dabara ce. Mai son littafi zai zo a ƙirga masa 'yan fallaye, ya tafi garinsu ya kwafa, ya dawo da su a ba shi na gaba. Ta haka littafi ɗaya yana iya kwana a gari uku. Ba a biyan komai. Ladan mai littafi shi ne in mai kwafi ya kai ƙarshe ya rubuta addu'a ga wanda ya tsara da wanda ya ba da aro. Kowace shekara kuma in an gama girbi, ƙasa ta bushe, Malam yakan sa a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida a fito da littattafan duka a shanya, a karkaɗe, a duba wanda ya yi danshi, a sa musu busasshen ganyen darbejiya, a mayar. Mu yara aikinmu korar awaki.

Na tuna wani falle ya taɓa dawowa da tabon miya a gefe. Raina ya ɓaci, a lokacin na fara makarantar boko, an koya mini sa wa littafi riga. Malam ya duba tabon ya yi murmushi ya ce wannan ya samu wanda ya ƙi rabuwa da shi ko a bakin akushi. Ban gane ba. Na ɗauka sakaci ne irin na tsofaffi.

Malam Isiyaku ɗalibinsa ne daga Bunguɗu, ya ɗan girme ni. Shi ke kwafar waƙoƙin kakana, waɗanda babu su a ko'ina sai gidanmu. A keke yake zuwa, in damina ta ɓata hanya ya zo a ƙasa. Ya kai rabi Malam ya rasu. Bayan an share makoki ya zo da fallayen da ke hannunsa, a naɗe cikin tsabtataccen ƙyalle, ya durƙusa ya miƙo mini, don yanzu ni ne babba. Yana jiran in ba shi na gaba kamar yadda aka saba. Na karɓa na ce masa sai an natsu.

Ban natsu ba, Innata. Na sa aka yi akwatin katako, na zuba littattafan Malam duka, na haɗa da rabin farko na waƙoƙin da Malam Isiyaku ya gama dawowa da su, na sa kwaɗo, na tura akwatin lungun ɗakin Malam, na kulle ɗakin, na koma bakin aiki da mabuɗai a aljihu. Rabin ƙarshen ya tsira daga akwatin ne kawai don yana cikin gafaka a rataye a ƙusa bayan ƙofa, na manta da shi. Malam Isiyaku ya yi ta zuwa. Ya same ni a Tsafe na ce mabuɗin na Gusau. Ya same ni a Gusau na ce sai na je Tsafe. Akwai lokacin da aiki ya kai ni garinsu, nakan canja hanya don kada in bi ta ƙofar gidansa. Zuwansa na ƙarshe na faɗa masa abin da ke raina, na ce kayan gado ne, ba zan bari a yi ta yawo da su ana ɓatawa ba. Sai ya ce Allah Ya jiƙan Malam, ya ɗauki kekensa.

Na gaya wa kaina adanawa nake yi. Gaskiyar ita ce daɗi nake ji a ce akwai abin da ni kaɗai ke da shi, ni da ko ajamin ban iya karantawa da kyau ba. Girbi ya yi ta zuwa yana wucewa ba a shimfiɗa tabarma ba. In mahaifiyarki ta tuna mini, sai in ce abin da ke kulle me zai same shi.

Wata shekara rufin ɗakin ya fara yoyo, aka aiko mini. Na je na buɗe. Kwaɗon yana nan lafiya lau, ko tsatsa bai yi sosai ba. Na kama akwatin zan ja, sai gindinsa ya zauna a ƙasa, saman ya biyo hannuna. Ciki jar ƙasa ce, gara ta gina gidanta har da hanyoyi. Na sa hannu ina tonawa, in ɗago abu mai kamar littafi ya marmashe. Nan da can akan ga guntun takarda kamar farce da baƙi ɗaya ko biyu a kai. Abin da tabon miya da ruwan sama da awakin Tsafe ba su yi ba a zamanin mutum biyu, ni na yi shi da kwaɗo ɗaya. Na kwashe ƙasar a buhu, na rasa inda zan zubar da ita, don akwai sunan Allah a ciki. A bayan ɗakin na haƙa rami na binne, ni kaɗai, kamar mai binne abin da ya sata.

Kina zaton daga nan na yi hankali? Na ɗauko gafakar na kawo Gusau na sake kullewa, wannan karon a akwatin ƙarfe. Bara da kika gama karatunki na tsofaffin rubuce-rubuce a Sakkwato, kika zo kika zauna a bakin tabarmata kika ce in ba ki ki kwafa, kika yi mini bayanin kwamfuta da allon nan da yadda littafi zai wanzu ko takarda ta mutu. Akwai baƙi a wurin. Na ce musu ku ji, an kai yarinya jami'a ta dawo da tatsuniya. Suka yi dariya don ganin idona. Kika tashi kika ɗauki kwanukan shayi kika shiga ciki. Tun ranar kina gaishe ni, kina yi mini duk abin da ɗiya ke yi wa uba, amma ba ki ƙara kawo mini wata magana da ke ranki ba. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ba a faɗa mana abin da za a yi in babban ne ya runtse ido ba. Ki yafe mini.

Shawarar da ke nan gajeriya ce. Duk abin da kika sani, kada ki zama ke kaɗai kika san shi. In an roƙe ki, ki bayar tun mai roƙon bai gaji da zuwa ba.

Da tafiyarki ta matso na buɗe akwatin ƙarfen, na ga gefen fallayen ya fara karyewa da kansa, tawadar ta koɗe ta koma kalar ƙasa. Na kai wa Baban Chidi ya gwada ɗaukar hoton falle ɗaya a injinsa, ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ce wannan ba aikin inji ba ne, sai mai ido da ilimi ya zauna ya bi shi baƙi-baƙi. Na yi ta jan ƙafa har sai makon nan da kika tafi karɓo takardunki, sannan na shiga motar Bunguɗu, na hau kabu-kabu zuwa ƙofar da na shekara da shekaru ina kauce wa.

Na same shi a gindin bishiya a ƙofar gida, ya tsufa ƙwarai. Na yi sallama, ya karkato kunne, ya ce, «Wagga muryar gidan Malam ce. Garba, kai ne?» Ya ce yanzu mutum inuwa yake gani, rubutu kuwa sai irin na jikin manyan motoci, kuma likita a Gusau ya ce ciwon idon ba irin wanda ake wankewa ba ne, sai dai a rage masa gudu. Na fara kame-kamen bayani kan akwatin. Ya ɗaga hannu ya ce ya ji tun a shekarar, magina ne suka kawo labari. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ya aika aka ɗauko masa nasa kwafin. Innata, tsaf yake, don kowace shekara yana shanya shi, kuma ya ce mutane da dama sun kwafa daga gare shi, kowa ya tsaya inda ya tsaya. Fallensa na ƙarshe a tsakiyar baiti ya yanke. Ya rera mini rabin baitin da ka, ya yi shiru a inda ya saba yin shiru. Na fito da fallen da ke biye, na yi ta tuntuɓe kamar ɗan da aka fara wa baƙi, yana gyara mini abin da bai taɓa gani ba, don ya san ma'aunin waƙar. Da haka muka haɗa baitin. Ya maimaita shi cikakke, a hankali, ya sake maimaitawa. Daga nan karatuna ya ƙare, rubutun ya fi ƙarfina. Ya karɓi fallen ya kai shi har kan hancinsa, ya juya shi wajen rana, ya miƙo mini.

Na ce ya riƙe rabin nawa, wani ɗalibi ya karanta masa. Ya ƙi. Ya ce takardar ba za ta jure hannu da yawa ba, kuma shi abin da yake so ya gani da idonsa, ya yi muƙabala kamar yadda aka koya masa. Da na ba shi labarin karatunki, sai ya tura mini nasa rabin gaba ɗaya ya ce a haɗa a ba ki. Na tambaye shi yaushe yake so a dawo masa da shi. Ya ce, «Malam bai taɓa yanka mini rana ba.»

Saboda haka rabi biyu ne a gafakar. Mai tsabtar nasa ne, mai cin gefen namu ne. Ki fara da namu, shi ne bai gani ba. Kada ki jira sai kin gama, kada ki jira sai kin sami na'urar da ta dace, kada ki jira digiri. Duk abin da kika kwafa ki buga shi a takarda da baƙaƙe manya, manya har su ba ki dariya, ki aiko ta gidan waya ko hannun mai dawowa, ni zan kai da ƙafata. Inda tsufa ya ci kalma, ki bar gurbin fili, kada ki cike da taki, wataƙila shi ya san abin da ya dace. In an kammala, ki zuba a na'urarki, ki kuma ajiye shi inda masu ajiye na kyauta ke ajiyewa. A ƙarshe ki rubuta addu'a yadda masu kwafi ke yi, ga kakana, da Malam, da Malam Isiyaku. In shafin ya rage wuri a can ƙasa, ki sa ni.

Wannan shi ne aro na farko da na taɓa bayarwa a rayuwata. Ban yanka miki rana ba. Idon Malam Isiyaku ne ya yanka.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ko da yake tana ɗaki ɗaya da ke yanzu tana ɗaure miki kuka da daddawa. Ki gaida mijinki, ki ce na ba shi amana a kan amana. Ki riƙe salla a kan lokacinta ko rana ta rikice miki. Allah Ya kiyaye ki a sama da ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sanyin ƙasar da sanyin zuciya, Ya dawo mana da ke muna raye ko muna kwance, kina mai amfani ga mutane. Amin.

Saura abu ɗaya. Da na tashi tahowa daga Bunguɗu, ya ce sai ya taka mini, ya dafa kafaɗata har bakin titi. Muna jiran mota ya rage murya kamar mai jin kunyar abin da zai faɗa, ya ce wai ya ji a rediyo an ƙera wani allo mai haɗiye littattafai. Ya ce, «Shin gaskiya ne, Garba, wai littafin da ke ciki ko mutum nawa suka ara, yana nan wurin mai shi bai ragu ba?» Na buɗe baki, dariyar ba ta zo ba. Na ce masa ban sani ba, amma zan tambayi Innata. To na tambaye ki. Mai jakar hannu ya faɗa mini, Baban Chidi ya faɗa mini, ke kin faɗa mini. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe Malam Isiyaku ne, kuma yana jiran amsa.

Mahaifinki,
Garba